Gahawar da Ta Ƙona Mini Hannu

Ina cikin wanke butar gilashi ta haɗa gahawa maman yara ta tsaya a bakin ƙofar kicin, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Baban Nas, abin nan zai ji maka ciwo. Ka mayar da shi inda ka gan shi."

Na ce mata ni da nake cire tayar tirela da hannuwana, ɗan gilashin nan ne zai gagare ni?

"Ai shi ya sa," in ji ta. "Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho."

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin babban titi, daura da gidan mai. Karatuna bai yi nisa ba, na dai iya karatu da rubutu. Abin da na fi ƙwarewa a kai bayan faci shi ne damuwa. Idan yaro ya yi tari sau ɗaya a gidana, ni a zuciyata har na kai shi asibiti an ba shi gado.

'Yarmu ta fari ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara na wani babban asibiti a birni. Tun da ta fara sa fararen kaya unguwa ta daina kiran sunanta, sai dai Nas, ni kuma na koma Baban Nas. Ba zan ɓoye ba, sunan yana mini daɗi.

To, wata rana da la'asar sai ga ta, ba waya, ba sanarwa, da akwati a hannu da wani kwali ɗaure da igiya. Ta ce hutu ta ɗauka. Ta shiga ɗakinta na da ta tura ƙofa, kuma tun daga nan ƙofar ba ta buɗuwa sai za ta kewaya. Ƙannenta suna makarantar kwana, saboda haka gidan ya yi tsit. Abincin da uwarta ta ajiye mata sai ya dawo kamar tsuntsu ne ya tsakura. Wayarta ta yi ta kuka har ta kashe ta gaba ɗaya. Idan na tsaya a bakin ƙofa na ce, "'Yar Baba, lafiya?" sai ta ce, "Lafiya lau, Baba," da wata murya kamar daga cikin rijiya. Na ce ta shirya mu je likita ya duba ta. Ta ce ai ta san abin da likitan zai ce.

Hutu ya ƙi ƙarewa. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Rannan na hango ta za ta wuce tsakar gida, zanen da ta ɗaura ya zagaye ta har ya yi saura. Yarinyar nan tana ƙarewa a gabana, cikin gidana, ban san ta inda zan kamo ta ba.

A rumfa, idan tif yana sace iska, cika shi nake yi in tsoma a bahon ruwa, inda kumfa ta taso nan ne hujin. Na yi ta tunanin da ma haka ake yi wa mutum. Har na liƙa wa wani mai babur faci a inda babu huji, ya dawo yana ta masifa, kuma da gaskiyarsa.

Kwalin nan da ta zo da shi yana nan a lungun kicin ba wanda ya taɓa. Da maman yara za ta share wurin ta kwance igiyar, sai ga 'yan kofuna, da wata buta naɗe cikin tawul, da leda cike da 'ya'yan gahawa. Ina ganin butar na gane ta. Doguwar gilashi ce mai mariƙi, murfinta yana da sanda da ta ratsa ta tsakiya, a ƙasan sandar kuma akwai rariyar ƙarfe daidai faɗin cikin butar.

Sau ɗaya na taɓa zuwa wurinta a birni. Da safe kafin ta tafi aiki ta haɗa mini gahawa a cikin wannan buta. Ban kula da yadda ta yi ba, hankalina yana kan wayar wutar ɗakin da na ga ta zazzago. Na dai ga ta zuba gari, ta zuba ruwan zafi, daga baya ta danna sandar. Da na kurɓa na yamutsa fuska, na ce wannan ai maganin zazzaɓi ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba, ni idan ban ji ƙamshin nan ba gari bai waye mini ba."

Wannan maganar ce ta dawo mini. Na ce a raina, idan magana ba ta shiga ɗakin nan, ai ƙamshi ba ya neman izini.

Sai dai 'ya'yan gahawar ba a niƙe suke ba. Na ɗauki ledar na nufi wurin mai injin niƙa na bayan kasuwa, abokin wasana, wanda muke kira Fari-fat saboda garin da ba ya rabuwa da girarsa.

"Sarkin faci!" in ji shi. "Yau kuma me ka kawo mini? Kashin akuya?"

"Kai dai baƙauye ne. Gahawa ce, irin ta manya. Niƙa za ka yi mini."

Ya ɗebo kaɗan ya shinshina. "Ƙonannen wake dai. Wa zai sha?"

"Nas."

Sai ya daina wasa. Ya ce, "Ya jikin nata?" Na ce da sauƙi. Ya dube ni, ya jawo bokiti.

Na tambaye shi me ya niƙa kafin in zo. Ya ce barkono ne da citta, amma ya kakkaɓe injin, ko ɗigo babu. Na ce to ya niƙa mini da laushi, laushi na gaske, don ba zan ba 'yata abu mai tsaki-tsaki ba. Ya zuba, ya fito, na murza a yatsa na ce a sake. Ya sake. Garin ya fito kamar kwalli. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna, ya ce in gaida ta.

Washegari da sassafe ne maman yara ta yi mini gargaɗin nan, na ƙi ji. Ta tsaya tana kallo, wai don ta zama shaida.

Na zuba gari cokali bayan cokali, ina cewa gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Ruwa yana tafasa na sauke, na tuttula har baki. Ƙamshi kuwa ya tashi, ya cika kicin ya fita tsakar gida. Na kasa kunne wajen ɗakin Nas. Shiru.

Na ɗora murfin, na riƙe butar da hannun hagu, na danna sandar da na dama. Ta ɗan sauka, sai ta cije.

"Bar shi haka," in ji maman yara.

"Ai sai ta kai ƙasa. Na ga yadda Nas ta yi."

Duk abin da ya cije a rumfata, ƙarfi nake ƙara masa. Haka na saba tun ina saurayi. Na gyara tsayuwa, na ɗora tafin hannuna a kan sandar, na sakar mata nauyina kamar ina ba taya iska da famfon hannu. Sandar ta faɗa ƙasa gaba ɗaya, gahawar ta yi tsartuwa ta bakin butar, ta wanke mini bayan hannun hagu har wuyan hannu, da garin da ya manne a fata kamar taɓo.

Ban san na iya irin wannan ihun ba.

Maman yara ta hau salati. "Ai na faɗa! Na faɗa maka!" Ta ruga ɗaki ta dawo da man goge baki a hannu ɗaya, ɗanyen ƙwai a ɗayan. Ni kuwa ina ta yarfe hannu ina tambaya, "Bai fashe ba ko? Duba mini gilashin, bai fashe ba ko?"

Har ta buɗe man za ta matsa mini, sai muka ji an ce, "Mama, kar ki sa masa!"

Nas ce a bakin ƙofa, ba ko ɗankwali. Muryar da ta yi maganar ba ta cikin rijiya ba ce. Irin muryar da ake ba da umarni da ita ce.

"Ajiye wannan. Ƙwan ma ajiye. Baba, zo nan."

Ta kama ni ta gwiwar hannu ta ja ni zuwa famfo, ta buɗe ruwa a hankali ta sa hannun a ƙarƙashi. Ta zare mini agogo da zoben azurfata kafin wurin ya kumbura.

"A sa ƙanƙara?" in ji uwarta.

"A'a. Ruwan famfo kawai."

"Ai ya isa haka," na ce bayan ɗan lokaci.

"Bai isa ba. Tsaya."

"Ruwa yana ɓarna, 'Yar Baba."

"Baba, ka tsaya na ce."

Na tsaya. Mun daɗe a haka, ita tana riƙe da hannuna, ruwa yana zuba, uwarta tana goge gahawar da ta fantsama har jikin bango tana mita. Nas ta sunkuya tana duba fatar, tana juya hannun wajen haske. Wurin ya yi ja, ya fara tasowa da bororo.

"Kar ka kuskura ka fasa su," ta ce. "Na san halinka, yanzu ka nemo allura."

Ta ce akwai abubuwan da za a sayo a kemis, ta faɗi sunan wani man ƙuna da irin bandejin da ba ya manne wa ciwo. Uwarta ta maimaita sunan man, ya fito wani abu dabam. Ta sake, ya ƙara lalacewa.

"Ni kam ba zan iya wannan turancin ba," in ji maman yara. "Kuma yaron kemis ɗin nan duk abin da ya ga dama shi zai ba ni." Ta faɗi haka tana kallon bango, amma ni na san matata. Ko sunan aljani ne, idan ta so riƙewa za ta riƙe.

Nas ta dubi ƙofar gida, ta dubi hannuna. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ta kama sakata ta riƙe, har na ce a raina za ta juyo. Sai ta buɗe ta fita.

Na leƙa ta taga. Tana tafiya a gefen bango, kanta a ƙasa, rana tana dukan fuskarta tana ƙifta ido. Mai kanti ya ɗaga murya, "A'a, Nas! Ashe kina gari?" Ta ɗaga masa hannu. Ni ga hannu yana zugi kamar an sa shi a garwashi, amma bakina godiya yake yi wa Allah.

"Share hawayenka kafin ta dawo," in ji maman yara.

"Zafin ƙuna ne."

"Na sani."

Da ta dawo ta wanke hannuwanta sosai, ta shafa mini man, ta naɗe da bandeji, yatsa-yatsa, ba ta bar biyu sun haɗu ba. Aikinta tsaf, ba sauri ba jinkiri. Ban taɓa ganin ta tana aikinta ba sai ranar.

Bayan ta gama ne idonta ya kai kan ledar garin. Ta ɗebo da yatsa biyu ta murza.

"Wa ya yi wannan?"

"Fari-fat. Ni na ce ya yi da laushi."

"Duka ledar?"

"Duka."

"Baba! Ɓarzawa ake yi, ba niƙawa ba. Irin wannan garin toshe rariyar yake yi, ruwa ya rasa hanya. Shi ya sa ya fito ta sama."

Ta kai garin hanci ta shinshina. Sai atishawa. Ta sake wata, ta sake wata.

"Barkono!" ta ce, idonta yana ruwa. "Baba, gahawa mai yaji za ka ba ni?"

"Ya rantse ya kakkaɓe injin."

Sai dariya ta ƙwace mata. Ta zauna a kan kujerar tsugunne tana yi, uwarta ma ta kama. Can sai na ga dariyar ta juye, kafaɗunta suna girgiza, ta kifa kai a gwiwa. Maman yara ta durƙusa ta rungume ta. Ni na tsaya da hannu a naɗe kamar gunki, ban san inda zan sa kaina ba.

Da kukan ya lafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Akwai wata yarinya a gadon da ke kusa da taga. Ni nake kula da ita."

Muka jira. Ba ta ƙara ba. Tambayoyi sun cika mini baki, har na buɗe shi, maman yara ta harare ni ta saman kan 'yarta. Na haɗiye.

Mai faci da hannu ɗaya ba mai faci ba ne, dole na rufe rumfa na zauna a gida. Kullum da safe sai an kwance bandeji an wanke ciwon an sake naɗewa, kuma Nas ta ce ba ta yarda kowa ya taɓa ba sai ita. Da man ya ƙare ta koma kemis, daga can ta zarce cikin gari ta samo wasu 'ya'yan gahawar. Ta zazzage kwalin nan, sai ga wani ɗan injin hannu a ƙasa, mai mariƙin juyawa. Na gan shi tun ranar da aka kwance kwalin, na ɗauka na masoro ne.

Ta zaunar da ni ta koya mini. Na matse ɗan injin tsakanin gwiwoyina ina juyawa da hannun dama, garin yana fitowa tsaki-tsaki kamar yashin rafi. Ta ce idan ruwa ya tafasa a sauke a bar shi ya ɗan huce. A fara zuba kaɗan, garin ya jiƙa ya kumbura, sannan a ƙara, kuma ba a cikawa har baki. A ɗora murfi, sanda tana sama, a jira.

"Har yaushe?"

"Har ka fara ƙosawa, sannan ka ƙara kaɗan."

"Ai babanki tun kafin ya zuba ruwan ya ƙosa," in ji maman yara daga tsakar gida.

Da lokaci ya yi ta ɗora hannuna a kan sandar, ta ɗora nata a kai. "Nauyin hannunka kawai. Idan ta cije, ka ɗan ɗago ta, ka sake." Sandar ta sauka sumul, garin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya a sama baƙi wuluk. Ta tsiyaye duka a kofuna nan take, ta ce idan aka bar shi a ciki ɗaci yake ƙarawa.

Na kurɓa. Har yanzu maganin zazzaɓi ne. Na zuba sukari, ta ce na kashe shi, na ce ai gara shi da ni. Ita kuwa ta riƙe kofinta da hannu biyu tana shaƙar tururin, sannan ta jawo burodin da ke gabana ta gutsura. Na kau da kai don kar ta ga ina ƙirga lomarta.

Sai wata sabuwar damuwa ta same ni: hannun yana warkewa. Bororon ya sace, sabuwar fata ta fito, ja-ja mai sheƙi. Na fara cewa yana mini zugi ko da ba ya yi.

"Ina ne yake zugin?" in ji Nas.

"Nan. Da nan. Ko'ina dai."

Ta danna wurin, na manta ban ce wash ba.

"Ya warke, Baba," ta ce. "Gobe ba sai an naɗe ba. Ka koma rumfa, masu babura suna ta zuwa nemanka."

Maman yara ta same ni a kicin daga baya ta ce, "Idan ka sake ƙona ɗaya hannun, ni da kaina zan sa maka man goge baki."

Da safe na shirya cikin kayan aiki, amma na kasa fita. Na ɗora ruwa. Na ɓarza gahawar, ina juya ɗan injin da ƙarfi don ƙararsa ta kai inda nake so. Na jiƙa garin, na ƙara ruwa, na rufe. Ƙofar Nas a rufe. Na ƙosa, na ƙara kaɗan. Na danna sandar a hankali har ƙasa, na tsiyaye a kofi biyu, na zauna ina kallon tururin yana raguwa.

Har na ɗauki hulata sai na ji ƙarar sakata. Ta fito da ɗankwali a ɗaure, ta ja kujera, ta ɗauki kofin ta kurɓa.

"Ka cika ruwa," ta ce.

"Gobe sai ki tsaya a kaina."

"To."

Na tafi rumfa ranar ina gaisawa da kowa a hanya, har da wanda ban sani ba. Na biya ta wurin Fari-fat na gaya masa barkononsa ya kusa hallaka mutane. Ya ce sharri ne, injinsa ya fi bakina tsabta. Na riƙe hannunsa na daɗe ban saki ba, ya rasa dalili.

Yanzu yawancin safiya tare muke sha. Akwai ranakun da ƙofar ba ta buɗuwa, in sha nawa, in rufe nata da faranti in tafi. Ta kunna wayarta, kuma ta yarda ta fara zuwa ganin wata likita a asibitin cikin gari, ita kaɗai take tafiya. Na gode wa Allah a kan wannan, na gode wa matata, na gode har wa tabon da ke bayan hannuna.

Abin da ya faru da yarinyar gadon kusa da taga, har yau ba ta faɗa mana ba. Ban kuma sani ba ko za ta sake sa fararen kayan nan.